Babi na Bakwai: Simintin da Ke Riƙe Guba

Tarihin baka na Kano yana cewa maƙera ne daga Gaya suka fara zama a gindin Dutsen Dala. Neman tama ya kawo su, wato ƙasar da ake narkawa a fitar da baƙin ƙarfe, kuma zuriyarsu ake kira Abagayawa. Masu haƙar kayan tarihi sun sami alamun narka ƙarfe a Dala da awon shekaru ya kai su ƙarni na 7 miladiyya. Fartanya da gatari da mashin da mutanen wancan zamani suka ƙera tsatsa ta daɗe da gamawa da akasarinsu. Abin da ya fi jure wa zamani shi ne abin da suka zubar, wato kashin maƙera, baƙin dunƙulen nan mai ramuka-ramuka da ke tsiyayowa daga murhu. Damina fiye da dubu ta bi ta kansa bai narke ba.

Dalilin juriyarsa ba ɓoyayye ba ne. Yashi da yumɓu da toka ne suka narke a wuta, suka daskare suka zama wani abu dangin gilashi. Ƙarfen da ya saura a ciki ya zama ɓangare na jikin dutsen, ruwa ba ya iya wanko shi sai kaɗan-kaɗan. Yau masana suna ƙoƙarin yin irin wannan dutse da gangan, ba tare da wutar murhu ba, domin su ɗaure ƙarafa masu guba da masana'antu ke zubarwa. Kayan haɗin ma daga sharar masana'antun suke ɗebo shi.

Mayar da shara kayan gini ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Kano. Marina da magina sun daɗe suna yin laso. A kwashe lakar da ta kwanta a ƙasan rijiyar rini, a shanya, a ƙona, ta zama katsi. A kawo gashin jima da majema suka kankare daga fatar akuya, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Da wannan haɗi ake shafe cikin rijiyoyin karofi don kada su tsotse baba, da shi ake shafe rufin soro don kada ya yi yoyo. Sinadaran laso daban suke da na simintin da za mu tattauna, amma hikimar ɗaya ce: abin da marini da majemi suka yar, magini ya tsinta. Abin da ya sauya shi ne irin sharar da jima ke fitarwa a yanzu.

Abin da kogi ke ɗaukowa

Majemin gargajiya da bagaruwa yake aiki. Ruwan jimarsa yana da wari, amma duk abin da ke ciki daga tsiro da dabba ya fito, kuma ƙasa tana cinye shi. A shekarar 1884 wani Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar jima da gishirin kuromiyam a Amurka. Aikin da kan ɗauki makonni ya koma na kwana ɗaya, fatar kuma ta fi laushi da jure ruwa. Yau fiye da kashi 80 cikin 100 na fatar da ake jemewa a duniya da kuromiyam ake yin ta, haka kuma manyan kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai. Duk wanda ya ga fata mai launin shuɗi-shuɗi a jibge a harabar kamfani, launin kuromiyam ya gani.

Fata ba ta shanye maganin duka. A aikin da aka saba yi, kusan kashi ɗaya cikin uku yakan saura a ruwan ganga. In ba a tace shi ba sai ya bi magudana. In an tace shi sai ya taru a cikin dagwalo mai kauri, wanda shi ma dole a sama masa wurin zubarwa. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu jami'o'in Arewa sun sha auna ruwa da lakar Kogin Challawa a kusa da inda magudanan masana'antu ke shiga, suna samun kuromiyam da dalma da danginsu sama da ƙa'idar ruwan sha. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a lita ɗaya, dalma kuma 0.01.

Kogin Challawa yana haɗuwa da Kogin Kano a wajen Tamburawa, ruwan ya gangara Wudil, daga nan ya karkata gabas maso arewa ta gefen ƙasar Ajingi, ya shiga Jigawa ya nufi Ringim da Haɗeja. Mutanen Gaya da Ajingi ba su da masana'antar fata ta zamani. Gero da dawa da gyaɗa da wake suke nomawa a tudu, a fadama kuma su yi shinkafa da tumatir da albasa. Amma suna ƙasan ruwa, kuma na ƙasan ruwa shi ke karɓar abin da na sama ya sako. Gaskiya ne ruwan madatsun Tiga da Challawa yana surka dattin, yana rage ƙarfinsa yayin da yake nisa. Sai dai ƙarfe mai guba ya fi son laka a kan ruwa. Yakan manne wa ƙwayoyin yumɓu ya kwanta a ƙasan kogi da rani, idan ambaliya ta zo ta tayar da lakar ta shimfiɗa ta a fadama. Lakar nan da manomi ke murna da ita saboda taki, ita ce kuma hanyar da gubar ke bi.

Abin da ya bambanta waɗannan ƙarafa da sauran datti shi ne ba sa ruɓewa. Kashin shanu yana zama taki, maganin ƙwari ma yakan lalace a hankali da rana da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa. Dalma kuwa dalma ce, ko an ƙona ta, ko an binne ta, ko an bar ta shekara ɗari. Abin da ɗan Adam zai iya yi biyu ne kawai: ya sauya mata wuri, ko ya sauya mata siffa yadda ba za ta narke a ruwa ko ta tashi a ƙura ba.

Zamfara ta koya mana wannan da tsada. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinariya da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje suna cike da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. A wasu wurare awo ya nuna dalma ta haura kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙasar da yara ke rarrafe a kai. A Dareta da Yargalma da Abare, daga baya kuma a Bagega a 2013, maganin da aka yi shi ne kankare saman ƙasar tsakar gida da fartanya, a kwashe ta a binne a ramuka a bayan gari, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Aikin ya ceci rayuka. Amma dalmar tana nan a ramukan yadda aka zuba ta, gari ce, kuma zaizayar ƙasa ko mai haƙa na iya tono ta. Daga nan tambayar ke tasowa: me zai hana a mayar da irin wannan gari dutse kafin a binne shi?

Simintin da ruwan soda ke tayarwa

Simintin da muka sani, wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a 1824, ana yin sa ne da dutsen farar ƙasa da yumɓu. A Kalambaina ta Sakkwato ko Ashaka ta Gombe, gasa su ake yi a zafin da ya kai digiri 1,450, a niƙa, a zuba a buhu. Idan ya sha ruwa sai ya kama. Gashin nan yana cin makamashi, dutsen kuma yana sakin iskar kabon, har ana ƙiyasta cewa masana'antar siminti ce ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na wannan iska da ɗan Adam ke sakewa a duniya.

Akwai wata hanyar. Yumɓu da tokar kwal da kashin da ke fita daga manyan tukwanen narka ƙarfe duk suna ɗauke da sinadarai biyu, silika da alumina. In aka niƙa su aka zuba musu ruwa zalla, ba abin kirki da zai faru. In kuwa aka kwaɓa su da ruwan soda mai ƙarfi, irin wadda masu sabulu da marina na zamani ke saye, sai sodar ta warware su zuwa ƙananan ƙwayoyi. Cikin sa'o'i ƙwayoyin su sake kama juna, silika ta riƙe alumina, alumina ta riƙe silika, ta kowace fuska, har kwaɓin ya sandare ya zama dutse.

Bajamushe Hans Kühl ya yi rajistar irin wannan haɗi tun 1908. A Beljiyam, A. O. Purdon ya wallafa gwaje-gwajensa a 1940, aka kuma yi gine-gine da simintinsa a birnin Brussels a shekarun 1950, waɗanda wasunsu suka haura shekara 50 a tsaye. A birnin Kiyef, Viktor Glukhovsky ya ɗauki aikin daga ƙarshen shekarun 1950, Tarayyar Sobiyat ta gina gidaje masu hawa da wannan siminti a Mariupol da Lipetsk. A ƙarshen shekarun 1970 Bafaranshe Joseph Davidovits ya raɗa wa wani reshe na wannan iyali sunan jiyofolima, wanda ya bi duniya. A 2014 aka buɗe filin jirgin sama na Wellcamp a Ostireliya, inda aka zuba kankare irin wannan kimanin kubik mita 40,000. Saboda haka maganar ƙarfinsa a gini an wuce wurin. Maganar da ta dame mu ita ce riƙe guba, kuma tun shekarun 1990 masana irin su Jannie van Deventer da abokan aikinsa suke gwada zuba dalma da jan ƙarfe a kwaɓin suna auna abin da zai fito.

Hanya uku ta riƙo

Hanya ta farko ita ce kewayewa. Ƙwayar datti tana nan yadda take, amma dutse ya rufe ta ta ko'ina. In kwaɓin ya yi kyau, ƙofofin cikinsa ƙanana ne ƙwarai, ruwa yana wahalar shiga, abin da ke ciki yana wahalar fita.

Ta biyu ita ce hana narkewa. Yawancin waɗannan ƙarafa a ruwa mai tsami suke narkewa. Idan suka haɗu da ruwa mai ɗabi'ar toka da kanwa sai su dunƙule su kwanta. Kadmiyam da jan ƙarfe da kuromiyam irin na jima duk haka suke yi.

Ta uku, wadda ta fi ƙarfi, ita ce shiga jikin ginin kansa. Kowace ƙwayar alumina a cikin dutsen tana ɗauke da cajin lantarki nagatif, don haka tana jawo mai cajin fozitif ya zauna kusa da ita. Sodiyam ɗin da ke cikin soda ne ya saba zama a wannan gurbi, amma wasu ƙarafan ma sukan samu shiga. Dalma kuma takan haɗu da silika su zama wani sinadari mai wuyar narkewa. Tsakanin hanya ta farko da ta uku akwai irin bambancin da ke tsakanin ƙurar da ta maƙale a saƙar zane da shunin da ya kama zare: wanki yana fitar da ɗaya, ya bar ɗaya.

Ƙarafan ba halinsu ɗaya ba. Dalma ce ta fi ba da kai, gwaje-gwaje da yawa sun nuna abin da ke fita daga dutsen kaɗan ne ƙwarai idan haɗin ya daidaita. Duk da haka ita da tutiya suna da wata ɗabi'a: in soda ta yi yawa fiye da kima sai su sake narkewa. Tutiya kuma tana jinkirta kamawar kwaɓin. Masu taurin kan gaske su ne asanik da wani nau'in kuromiyam.

Kuromiyam iri biyu ne a nan. Masana suna kiran na jima mai lamba 3. Shi ba ya yawo sosai, gubarsa kuma da sauƙi. Ɗayan, mai lamba 6, ruwan ɗorawa ne a ido, yana narkewa nan take, yana cin fata, yana kuma cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. A cikin ruwa cajinsa nagatif ne, irin na jikin dutsen, saboda haka ba mai riƙe shi, kuma ruwan soda bai hana shi narkewa ba. In aka zuba shi a jiyofolima ta yumɓu ko ta tokar kwal haka kawai, ruwan sama zai wanko kaso mai yawa.

Dabarar ita ce a mayar da shi mai lamba 3 tukuna. Kashin manyan tukwanen ƙarfe yana ɗauke da ɗan sinadarin farar wuta da ke yin wannan aiki da kansa. Shi ya sa a cibiyar nukiliya ta Savannah River da ke jihar Karolina ta Kudu a Amurka, tun 1990 suke kwaɓa ruwan shararsu mai gishiri da soda da irin wannan kashi da tokar kwal, su zuba a manyan rumbunan kankare ya daskare. Inda babu kashin, ana amfani da gishirin baƙin ƙarfe. Da shi kamfanonin siminti na Turai ke cika dokar da ta fara aiki a 2005, wadda ta hana sayar da simintin da kuromiyam mai lamba 6 mai narkewa ya wuce kashi 2 cikin miliyan a cikinsa, saboda ciwon fata da yake sa wa magina.

Dagwalon jima yana da nasa tarko. Cike yake da kitse da guntun nama da gishiri, kuma waɗannan suna raunana kowane irin siminti. Abin da zai fara zuwa wa mutum a rai shi ne a ƙona shi a yi aiki da tokar. To amma dagwalon yana ɗauke da farar ƙasar da aka cire gashi da ita, kuma idan kuromiyam mai lamba 3 ya haɗu da wuta da iska da farar ƙasa, sai ya rikiɗe ya koma mai lamba 6. Wanda ya cinna wa jujin kamfanin fata wuta yana ganin ya rage shara, ya ƙara mata dafi ne. Sai dai a ƙona shi a rufaffen tanderu da aka taƙaita wa iska, ko a sake gyara tokar kafin a kwaɓa.

Gwajin awa goma sha takwas

Ta yaya ake sanin dutsen ya riƙe? Gwajin da ya fi shahara na hukumar kare muhalli ta Amurka ne. A farfasa dutsen ƙanana, kada ɓarɓashi ya wuce milimita 9.5. A zuba masa ruwa mai ɗan tsami, ninki 20 na nauyinsa, a yi ta juya kwalbar tsawon awa 18, sannan a tace a auna. In dalma ko kuromiyam ko asanik ya kai miligiram 5 a lita, ko kadmiyam ya kai 1, sharar tana nan a sahun masu haɗari.

Gwajin yana da amfani, amma mai karatu ya riƙa sa ido idan ya ga an ce wani haɗi ya riƙe kashi 99 cikin 100. Sabon dutse cike yake da soda, ita kuwa tana kashe tsamin ruwan gwajin tun a sa'o'in farko, sai sakamako ya yi kyau. Shekaru suna yin abin da awa 18 ba ta yi. Iskar kabon tana ratsa dutsen a hankali tana rage ƙarfin sodar. Ruwa yana fito da ragowarta ta bushe a waje kamar farin gishiri. Iska tana iya cinye sinadarin farar wutar nan da ke tsare kuromiyam. Shi ya sa a Holan suke jiƙa dunƙulen sukutum a ruwa na kwana 64, suna sauya ruwan lokaci-lokaci suna aunawa, wasu kuma suna gwada shi a ruwa iri-iri, daga mai tsami sosai zuwa mai soda sosai. Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40, yana taimaka wa kwaɓin ya kama da wuri, abin da Turawa sai sun kunna tanderu suke samu. Busasshiyar iskar hunturu kuwa tana tsotse ruwansa kafin ya gama haɗuwa, ya tsattsage, kuma kowace tsaga ƙofa ce ga ruwa. Haɗin da ya ci jarrabawa a wata ƙasa sai an sake yi masa wata a Kano.

Abin da ke hannunmu

Yawancin binciken duniya da tokar kwal da kashin manyan tukwanen ƙarfe aka yi shi, mu kuwa ba mu da su. Babbar tukunyar Ajakuta da aka fara ginawa tun zamanin Shagari ba ta taɓa narka tama ba, kuma wutar lantarkinmu daga gas da ruwa take zuwa. Dole mu duba abin da ƙasarmu ke da shi.

Na farko farin yumɓu, wato kawolin, irin wanda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina. In aka gasa shi a digiri 600 zuwa 800, kusan rabin zafin da siminti ke buƙata, yakan zama garin da ya fi kowanne karɓar soda. Na biyu buntun shinkafa, wanda ke jibge a bayan injinan casa daga Kura har Haɗeja. Kilo 100 na shanshera yana ba da buntu kimanin kilo 20, shi kuma ya ba da toka kimanin kilo 4, wadda kusan kashi 90 cikin 100 nata silika ce. Sharaɗin shi ne a ƙona shi a hankali, kada zafin ya wuce digiri 700, in ba haka ba silikar ta taurare ta ƙi narkewa. Tokar buntu ba ta da alumina, don haka ita kaɗai ba ta yin dutse, sai an haɗa ta da yumɓu. Babban amfaninta shi ne a narkar da ita a soda a sami ruwan silika mai kauri, wanda shi ne mafi tsada a cikin kayan haɗin in za a saya. Akwai kuma fasassun kwalabe, da ɓaraguzan jan bulo, da kashin masana'antun da ke narka ƙarafan gwangwan. Wannan na ƙarshe sai an auna kowace mota, domin abin da aka narka jiya ba shi aka narka yau ba, kuma shi kansa yana iya zuwa da tasa gubar.

Sodar ita ce wuyar aikin. Sayenta ake yi, farashinta yana bin dala, tana ƙona fata, tana makantar da ido. Ba abu ba ne da za a miƙa wa lebura ya kwaɓa da shebur ba safar hannu, ba tabarau, ba takalmin roba. Kanwa danginta ce, amma ba ta da ƙarfin warware gasasshen yumɓu.

Akwai kuma matsalar da ba ta ɗakin gwaji ba. Kowa ya san yadda ake miƙe buhun siminti a wasu gidajen bulo, a ƙara yashi don a fitar da adadi mai yawa. A bulo na yau da kullum sakamakon hakan bango ne mai tsagewa. A bulon da aka zuba wa dalma, sakamakon ƙura ce mai guba a ɗakin da yaro ke wasa. Ko da an yi shi da gaskiya, gida ba ya dawwama. Ana huda bango a sa waya, ana rushe ɗaki a faɗaɗa, ana sayar da ɓaraguzai a yi ciko da su, kuma bayan shekara talatin ba mai tuna abin da ke ciki. Saboda haka masu cewa a buga bulon gina gidaje masu rahusa da dagwalon masana'antu suna gaggawa. Simintin soda da aka yi da yumɓu da tokar buntu zalla, ba guba a ciki, wannan ana iya gini da shi. Wanda aka ɗaure guba a cikinsa kuwa bai kamata ya shiga ɗakin kwana ko aji ko rumbu ko bakin rijiya ba. Wurinsa rami ne da aka shafe da yumɓu, a kan tudun da ambaliya ba ta kaiwa, mai shinge, mai rajista, da rijiyoyin awo a kewaye. Amfanin dutsen a can shi ne ko rufin ramin ya lalace, abin da zai fita ɗigo ne maimakon kwarara.

Kafin ma a kai ga rami, akwai matakin da ya fi arha. Kuromiyam ɗin da ya saura a ruwan ganga kaya ne da aka sayo daga waje da kuɗi. In aka ware wannan ruwa daban, aka zuba masa garin magnisiya, sai kuromiyam ya kwanta, a tsiyaye ruwan, a narkar da shi da asid, a mayar ganga a sake jima da shi. Kamfanonin fata a Indiya da wasu ƙasashe sun daɗe suna yin haka. Abin da ya gagara komawa ganga, shi ne rabon siminti.

Rabon na ƙasan ruwa

Duk wannan aiki a ƙofar masana'anta ake yin sa, ba a Gaya ko Ajingi ba. Amma wanda ke saman ruwa ba ya jin zafin abin da ya wuce shi, don haka matsin lamba sai ya fito daga ƙasa. Masu alhakin suna nan. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ita ke da hurumin tilasta wa masana'antu bin ƙa'idar zubar da shara. Akwai Ma'aikatar Muhalli ta jihar Kano, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Cibiyar nazarin fata da ke Samaru ta Zariya ta san sinadaran jima ciki da waje. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana Wudil, a bakin kogin, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Gaya.

Abin da ƙungiyar manoman rani ko hakimi ko ɗan majalisar yankin zai nema ba mai yawa ba ne. A riƙa ɗibar lakar fadama bayan kowace ambaliya ana aunawa, tare da ruwan rijiyoyin ban-ruwa da ganyen da aka shuka, a kuma faɗa wa manoma sakamakon da Hausa. A tambayi kowane kamfanin fata kilo nawa na kuromiyam ya sayo a shekara, nawa ya mayar ganga, kuma ina dagwalonsa yake kwana. In aka ce an mayar da shi dutse, a tambayi wane gwaji aka yi masa, wa ya yi, kuma a wane rami aka ajiye shi.

Lissafin da ke bayan waɗannan tambayoyi mai sauƙi ne. Kuromiyam ɗin da ke cikin tankin kamfani ɗaya mota kaɗan za su kwashe shi, injin kwaɓa kankare ɗaya zai gama da shi. In aka bari ya bi ruwa ya bazu a fadamu daga Tamburawa zuwa Ringim, babu simintin da zai isa, domin gonar da ake ci daga gare ta ba a mayar da ita dutse.